Kulli a Bayan Zanen Gado

"Wace ce ta taɓa mini zanen gadon nan?"

Yaran biyu suka ɗago kai daga tsummokaran da suke ɗinka wa 'yar tsana riga. Fure goma sha ɗaya na bari a gefen zanen kafin in shiga kicin, yanzu tara nake gani. Karo na huɗu ke nan tun da aka ba su hutun makaranta.

"Wallahi Anti ba mu ba ne," in ji Babba.

Ƙarama kuwa ta ɓoye almakashi a bayanta, don ita ko ba ta yi komai ba fuskar masu laifi gare ta.

'Ya'yan Yayata ne. Shekara uku da rasuwarta, babansu direban babbar mota, sai ya yi wata bai leƙo ba. Ni ce wanka, ni ce kitso, ni ce raba faɗa. Daga ɗaki sai kicin, daga kicin sai igiyar shanya. Shekara ukun nan kuma Mai Keke yana jirana. Gyaran keken ɗinki yake yi, ranar da ya fara zuwa duba na Umma awa uku ya yi a kan aikin minti goma.

Duk zuwan da manyansa suka yi, Umma sai ta samo dalili. Na ƙarshen shi ne zanen nan.

"Fure goma sha biyu, da hannunki. Ranar da kika gama a sa rana."

Jiya da la'asar Mai Keke ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai.

"Ranar Asabar zan tafi, masoyiyata. Wani kamfanin ɗinki ya ɗauke ni, can nesa."

"Ni fa?"

"Baba ya ce in ba a sa rana kafin in tafi ba, a bar maganar. Gwaggona har ta fara aiko 'yarta gaisuwa safe da yamma..."

"Saura fure ɗaya," na ce.

"Tun farkon hutu nake jin saura ɗaya." Ya kawar da kai. "Ba na son kowa sai ke, amma ban san da me nake faɗa ba."

Ni ma ban sani ba, sai yau da na juya bayan zanen. Yaro in zai warware ɗinki fizgar zare yake yi, yadin ya tattare. Wannan kuwa ɗaya bayan ɗaya aka ɗaga da gindin allura, aka bi hudojin da farce aka lallashe su. Mutum ɗaya na sani mai irin wannan hannu. Ita ta koya mini, ita ce kuma ta kafa mini doka tun ina ƙarama: ba a kulli a bayan ɗinki, cusa bakin zaren ake yi a ƙarƙashi. Shi ya sa nawa yake da sauƙin kwancewa.

Na same ta a bakin gado, guntun jan zare manne a zanenta.

"Umma..."

Ta bi idona da kallo. Ba ta ko kakkaɓe shi ba.

"Ɗaya ƙasa ta ɗauke," ta ce a hankali. "Ke ma in kin tafi, wa zan kira ya amsa? Gwiwar nan ce za ta bi yara biyu?"

Na shigo da faɗa cike da bakina, na fita da kuka. Ina son Mai Keke kamar raina, amma yaya zan yi da tsohuwar da take satar zare don tsoro? Na ninke zanen na jefa ƙarƙashin keke, na kashe wayata.

Washegari na dawo daga shanya na tarar da ɗakin shiru, irin shirun da ke nuna yara sun yi ɓarna. Suna durƙushe gaban Umma, zanen a shimfiɗe. Fure goma sha biyu cif. Ukun ƙarshe a karkace, wani ja wani shuɗi, ɗaya har da ɗigon jinin yatsa.

"Mun ji ku jiya," in ji Babba. "Kaka, na iya wanka, na iya yi wa Ƙarama. In kin kira, ni zan amsa."

"Kuma wannan ba ya kwantuwa," Ƙarama ta juya mata bayan zanen. "Kulli uku-uku na yi."

Umma ta daɗe tana shafa kullin nan da yatsa.

"Wannan fure ne ko ƙafar kaza?" in ji ta. "Kuma na ƙarshen ba ganye. Miƙo mini allura, ke mai kan kwano."

Da koren zare ta yi ganyen, ba ta ɗago ba har ta gama.

"Kunna wayarki," ta ce mini. "Ki ce manyansa su zo yau, kada su kai gobe."

Ta juya zanen, ta naɗe zaren a yatsa ta ja da ƙarfi, sannan ta datse da haƙori. Tun da nake, ranar na fara ganin Umma ta yi kulli.