Wanda Ya Juya Wa Ƙwallo Baya

Auta ta dawo daga filin wasa ke nan, tana jiƙa falmaran ɗinta ta 'yan sa-kai a bokiti, sai ga Yaya ya banko ƙofar falo ko sallama babu. Ya wurga makullin babur kan tebur har kofin shayin Baba ya yi rawa.

"Baba, wallahi in dai ina numfashi, kafintan nan ba zai auri ƙanwata ba!"

Baba ya rage muryar rediyo. Tsohon direban motar makaranta ne, ko a magana bai iya gudu ba. "Zauna tukuna. Wane kafinta?"

"Dogo mana! Da wani ne bayan shi?"

Auta ta shigo hannunta duk kumfa. Dogo dai saurayinta ne. A filin wasan garin suka haɗu, ita tana rumfar taimakon gaggawa da bandeji da ƙanƙara, shi yana cikin masu tsaron 'yan kallo. Babu mai biyansu, daga falmaran sai ruwan sha. Magana ma ta yi nisa, don manyansa na shirin zuwa ganin Baba.

"Na kwashi abokaina," in ji Yaya, "na ce kada kowa ya sayi tikiti, surukina ne a get. Muka je. Ka san abin da ya ce mini? Wai 'Yaya, ka yi haƙuri, ɓangaren nan ya cika, ko da tikiti ba zan ƙara mutum ba.' A gaban jama'a fa! Har wani na ce mini, 'Ashe surukin naka bai waye ka ba!'"

"To ai gaskiya ya faɗa, Yaya..." in ji Auta.

"Rufe mini baki! Ke ma ai jirgi ɗaya ya ɗebo ku!" Ya juya wajen Baba. "Ka ma san aikin nasa? Ya kulle shago a ranar da kowa ke neman na kansa, ya je bakin fili ya juya wa ƙwallo baya! Wasan ma ba ya gani. Mutumin da ke aikin banza a kyauta shi ne zai riƙe gida?"

Baba ya ɗago kai. "Ya juya wa ƙwallo baya?"

"Dokar aikin ce, Baba," in ji Auta. "Mutane yake kallo, ko wani zai faɗi, ko turereniya za ta tashi."

Baba ya ce, "A gaya masa manyansa su dakata. Kada kuma in gan shi a ƙofar gidan nan sai na neme shi." Ya ƙara muryar rediyonsa.

Auta ta shige ɗaki ta kifa kai a kan gado, ta yi kuka mai isarta. Mama ta bari sai da ta gaji, sannan ta shigo ta zauna a gefenta.

"Share hawayenki. Dakata ya ce, bai ce a fasa ba. Kin san babanki, ba ya tayar da mota sai ya duba madubi."

"Mama, in ya ƙi fa?"

"In ya ƙi ma yi kukan tare. Yanzu tashi ki shanya rigar nan kafin ta yi wari."

Da aka kira taron 'yan sa-kai don shirin fainal, a ɗakin ajiya na ƙarƙashin benen 'yan kallo, Auta ta ja Dogo gefe, bayan tarin raga da tutocin kwana.

"Filis, sau ɗaya kawai. Ranar fainal ka shigar da Yaya da abokansa ta ƙofar ma'aikata. Shi ke nan ya huce, Baba ma ya sauko."

Dogo ya sosa ƙeya da hannunsa mai kantar zarto. "Na je shagonsa na ba shi haƙuri, har tikiti na kai masa. Yaga shi ya yi a gabana."

"To ka ga! Girma yake so, ka ba shi mana!"

"Auta, in na cusa mutum a bencin da ya cika, wani ne zai matse a jikin ƙarfe. Shi ma wannan wanin yayan wata ne."

"Wato get ya fi ni ke nan?"

"Babu abin da ya fi ki. Amma in na yi wannan yau, gobe ke da kanki ba za ki yarda da ni ba."

Ta fizge jakarta ta fita. Haushi take ji sosai, kuma abin da ya fi ba ta haushin shi ne ta san gaskiya ya faɗa. Kwana da kwanaki ba ta ɗaga wayarsa ba. A gida kuwa ta kama bakinta, ta ci gaba da gaishe da Yaya duk safiya, shi yana amsawa da hanci.

Ranar fainal filin ya cika ya batse. Wani abu kuma da kowa a cikin 'yan sa-kai ya sani shi ne, a ranar ne ƙanen Dogo zai fara buga wa babbar ƙungiyar garin wasa. Tun rasuwar mahaifinsu Dogo ke riƙe da shi, shi ya riƙa goya shi a keke zuwa atisaye, shi ya ɗinke masa takalmin ƙwallo sau ba adadi. Shugabar 'yan sa-kai ta so ta sake shi ya yi kallo, sai hannu ya yi ƙaranci. Dogo ya sa falmaran ɗinsa ya kama wurinsa, bayansa ga ciyawa, fuskarsa ga jama'a.

Auta na jera ƙanƙara a cikin kula ta ɗaga ido, sai ta hango wata tsohuwar lema baƙa mai karyayyen tsinke, can sama a ɓangaren da ke maƙwabtaka da na Dogo, kusa da ginshiƙi. Ko cikin lema dubu ta san wannan. Baba ne! Baban da tun da take ba ta taɓa jin ya shiga filin wasa ba! Ga Yaya a gefensa ya cika ya yi fam. Daga inda Dogo yake, ginshiƙin ya ɗan kare su, amma su suna hango shi.

"Innalillahi," ta faɗa a hankali. Ƙanƙarar ta suɓuce mata.

Aka yi ta gwabzawa babu ci. Ana dab da tashi, sai filin ya ɗauki wata irin kuwwa. Ƙanen Dogo ne ya yanke 'yan baya ya narka ƙwallo a raga! Mai sanarwa ya yi ta kwarara sunansa a lasifika. Jama'a suka miƙe kamar an yi musu allura. Auta kanta ta yi tsalle da bandeji a hannu. Masu tsaron da ke jere a bakin fili, ɗaya bayan ɗaya, duk suka waiwaya.

Ban da Dogo. Yana jin sunan ƙanensa hawaye suka zubo masa, amma ko wuyansa bai motsa ba. 'Yan sama suka danno ƙasa don murna, suka matse wata mata da goyo a jikin shingen ƙarfe. Kafin ta yi ihu ya riga ya zare sakatar ƙaramar ƙofa, ya janyo ta waje, ya ɗaga hannu yana cewa, "Baya! Ku ja baya!" Aka kawo matar rumfar su Auta. Ƙujewa ce kawai a hannu, jaririn ma kuka yake da ƙarfinsa.

Sai da filin ya kusa watsewa, Dogo na tattara robobin ruwa, Baba ya sauko a hankali yana dogara lemarsa, Yaya na biye. Auta ta matso. Dogo na ganinsu ya zube ƙasa.

"Baba! Ina wuni? Ban san kun zo ba."

"Na sani. Tashi. Ka ga ƙwallon ƙanen naka?"

"Ban gani ba, Baba. A fuskokin mutane na gan ta."

"To, mun zama mu biyu. Ni ma ban gani ba, kai nake kallo." Baba ya waiwaya wajen Yaya. "Kai ne ka gani. Ba mu labari."

Yaya ya haɗe rai. "Kawai ya ci ne."

"Na sayi tikiti da kuɗina, na bi layi a rana. Ba ni labari na ce!"

Yaya ya fara a daƙile. Yaro ya karɓi ƙwallo a tsakiya. Ya yanke na farko. Da ya zo kan na biyu sai muryar ta fara tashi, kafin ya kai kan gola ya manta da fushi, ya ajiye makulli yana gwadawa da ƙafa. "Ya yi kamar zai buga dama, gola ya kwanta, sai ya ɗaga ta haka, wallahi Dogo, da ka gani! Kai! Yaron nan bala'i ne!" Sai ga shi ya riƙe kafaɗun Dogo yana jijjigawa. Da ya farga ya saki, ya yi tari.

"Matar nan," ya ce ƙasa-ƙasa, "a ɓangaren da na so ka cusa mu take, ko?"

"Nan ne, Yaya."

Yaya ya sunkuya ya taya shi tsintar robobi.

Baba ya dubi Auta. "Na yi shekaru ina jan motar 'ya'yan mutane. A bayana a yi waƙa, a yi faɗa, a yi dariya, ban taɓa waiwayawa ba, don amanarsu tana kan titin da ke gabana. Da yayanki ya ce wai yana juya wa ƙwallo baya, shi ne na ce sai na gani da idona." Ya juya ga Dogo. "Ka ce wa manyanka ina jiransu."

Auta ta rufe fuska da falmaran ɗinta. Kuka take, amma ba irin na rannan ba. Da su Baba suka yi gaba ta ce, "Sori, Dogo. Na so in sa ka ka ci amana."

"Ya wuce. Amma ki nemo mini bidiyon ƙwallon nan, don labarin Yaya da gishiri."

Aka yi aurensu lafiya, kuma har yau duk ranar wasa tare suke fita da falmaran ɗinsu. Yaya kuwa shi ne na farko a layin tikiti.

Don haka 'yan mata, in za ku auna mai son ku, kada ku duba yawan alfarmar da yake yi wa danginku. Ku duba yadda yake riƙe abin da aka damƙa masa a lokacin da yake zaton babu mai ganinsa. Wanda bai waiwaya ya bar amanar baƙi ba, ba zai waiwaya ya bar taku ba. Haƙuri kuma, kamar yadda Auta ta gani, ɗacinsa a farko yake.