Ƙafafun Mardiya

Kwana biyu bayan suna, Ikilima na zaune a bakin gado a ɗakinta da ke Kurfi, tana shafa wa jaririyarta mai. Mardiya ta zo duniya da ƙoshin lafiya, sai dai tafin ƙafafunta biyu a lanƙwashe suke, sun juya ciki suna kallon juna. Duk matar da ta zo barka sai ta yaye zanen, ta duba, ta mayar.

Daga tsakar gida ta jiyo muryar Dada, mahaifiyar mijinta Mutawakkil, tana yi wa ɗan nata magana.

"Na bincika. An ce a garinsu Rawayau akwai ƙanen kakan matarka da ya rasu yana jan ƙafa. Mu a danginmu ba a taɓa haihuwar gurgu ba. Ka kai ta gidansu wankan jego, in ta tafi kuma ba sai ka yi gaggawar ɗauko ta ba."

Hawaye suka zubo wa Ikilima. Shekara uku Mutawakkil ya yi yana zarya a mashin zuwa Rawayau, daga ya tashi awon hatsi a kasuwa, kafin a ba shi ita. Amma ta san bai taɓa musa wa mahaifiyarsa ba.

"Dada, ki gafarce ni," ta ji ya ce a hankali. "Yarinyar nan jinina ce kamar yadda take jininta. Ki ba ni Talata ɗaya, ranar da suke duba yara, mu je asibitin Dutsin-Ma tare da ke. Abin da kika ji da kunnenki, a kansa za ki yanke hukunci."

Da ya shigo ɗaki ya goge mata fuska da bakin mayafinta. "Ba inda za ki, Ikilima. Ki dai yi haƙuri da Dada, tsoro ne ke sa ta faɗa."

A asibiti suka sami Sista Rekiya, nas mai kula da yara masu larurar ƙashi da gaɓoɓi. Ta riƙe ƙafafun ta jujjuya su a hankali, tana yi wa jaririyar wasa.

"Ni da cewa na yi a kira mai ɗori," in ji Dada.

"Hajiya, ba karaya ba ce, kuma ba laifin uwa ba ne balle uba. Kun ma zo a kan lokaci, ƙashinta da taushi. Duk mako za mu ɗan miƙe ƙafar mu naɗe ta da simintin asibiti, kamar sau shida, sannan likita ya ɗan saki jijiyar dunduniya. Bayan nan sai takalmi na musamman." Ta dubi Dada da kyau. "Amma aikina na rana ɗaya ne a mako. Sauran kwana shida ina bukatar babba mai ido a gida. Za ki iya?"

Dada ta gyara zama. "'Ya'ya takwas na raina."

Sista Rekiya ta kama hannunta ta nuna mata yadda za ta danna ɗan yatsan ƙafa ta ga jini ya dawo. In yatsun suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko suka shige cikin simintin, a taho nan take. Kada ruwa ya taɓa shi, da tsumma za a goge jiki.

Tun daga ranar Dada ta kafa tabarma a ƙofar ɗakin. Ba ta sake wa Ikilima fuska ba, amma sau biyar a rana take duba yatsun. Ikilima kuwa ba ta fasa durƙusawa ta kai mata kunu ba.

Bayan an gama da siminti, jarrabawar ta zo da takalmin, mai ƙarfe da ya haɗa ƙafafun biyu, wanda ba a cirewa sai awa ɗaya a rana har wata uku. Mardiya ta wuni tana kuka. Da la'asar Ikilima ta fito daga wanka ta tarar Dada na kwance igiyar takalmin.

"Ƙafa ta miƙe, azabar ta mece ce?"

Ikilima ta durƙusa. "Dada, ni ma kukan yana cin raina. Amma Sista ta ce in aka cire, ƙafar komawa za ta yi. Don Allah ki ji daga bakinta." Ta kira waya ta miƙa mata.

"Hajiya, kwana uku za ta yi ta saba," in ji Sista Rekiya. "Ki riƙa motsa mata ƙafafun biyu tare, kamar lilo. Ke na dogara da ke."

Dada ta ajiye wayar, ta ɗaure igiyar da hannunta. A kwana na uku Mardiya na harba ƙarfen sama tana dariya.

Tana da shekara ɗaya da wata huɗu, takalmin ya koma na lokacin barci kawai, Mardiya ta saki gwiwar Dada wata safiya, ta taka sau huɗu a kan tafin ƙafarta, ta faɗa jikin uwarta. Mutawakkil ya ɗauko waya zai yi bidiyo.

Dada ta daɗe tana share ido. Can ta dubi Ikilima ta ce, "Ɗiyata, matso nan. Na so in raba ki da ɗakinki a kan abin da ban sani ba, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Ki yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba, Dada. Ke kika yi jinyar."

Larurar yaro ba abin neman mai laifi ba ce, abin kaiwa asibiti ce da wuri. Miji ya tsaya wa matarsa ba tare da ya saɓa wa mahaifiyarsa ba, mata ta yi haƙuri, Allah kuma ya miƙe musu ƙafar 'yarsu da zaman gidansu gaba ɗaya.