Gugguru a Cikin Kwamfuta

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a birnin Taipei. Babanta, Malam Liao, yana da ɗan shago a kasuwar kayan kwamfuta. Katin hoto yake sayarwa, wato abin da ke zana hotunan wasa a fuskar kwamfuta.

A bana kasuwarsa ta ja baya. Maƙwabcinsa, Malam Tseng, ya kawo wani ƙaton kati mai fanka uku da fitilu masu walƙiya. Mutane kuwa ido suke bi, sai su wuce shagon Liao ko kallo babu.

Fata ɗaya ya rage. Madam Pan, mai gidan wasan kwamfuta, za ta canza katunan injunanta duka. In ta saya a wurin Liao, shago ya tsira. In ba ta saya ba, sai rufewa.

Ranar da za ta zo, yarinya ta dubi katinsu ta ce, "Baba, namu fa ɗan mitsitsi ne. Ya za a yi ya ka da na Kawu Tseng?"

"Ba girma ba ne, 'yar baba, tsari ne," in ji shi. "Cikinsa kamar gida ne mai ɗakuna da yawa. Ɗakin da ba kowa, sai ya kashe fitilarsa. Na Tseng ko'ina a kunne, wuta yake sha kamar ba gobe."

A kan kwamfutar da suke gwada kati a shagon akwai koriyar ledar gugguru guda ɗaya. Haka kowa ke yi a kasuwar, har manyan injiniyoyi. A ɗora wa inji koriyar leda don ya yi ladabi. Ba mai ci, ba mai tambayar dalili.

Yarinya ta yi lissafinta ita kaɗai. In leda ɗaya tana sa ladabi, ina ga leda da yawa? Da baba ya fita sayen miyar taliya, ta kwashi 'yan kuɗinta na tara ta sayo gugguru cike da jaka. Ta buɗe murfin kwamfutar, ta cusa su a ciki, dab da katin, ta rufe. Ba ta gaya wa kowa ba, tana jiran yabo.

Madam Pan ta iso, ta ja kujera. "To, Liao, nuna mini. Ni kuɗin wuta ne ke neman kashe ni."

Baba ya kunna wasa. Da farko lafiya lau. Can sai fanka ta fara gurnani, hoto ya riƙa tsayawa, mitar da ke auna wutar da kwamfutar ke sha ta yi sama. Madam Pan ta taɓa jikin kwamfutar, ta janye hannu.

"Wannan kati ne ko murhu? Ai ko ƙwai sai a soya a kai."

Ta ɗauki jakarta ta shige shagon Tseng. Baba ya zauna ya yi tagumi, miyarsa tana hucewa. Yarinya ta matso kusa da shi.

"Baba," ta ce a hankali, "buɗe murfin."

Ya buɗe. Ledoji suka zubo ƙasa, wasu har sun yi laushi don zafi. Ya juyo ya dube ta.

"So na yi ya ƙara ladabi," in ji ta, hawaye na zuba.

"Kin toshe masa hanci, 'yar baba. Kati da iska yake numfashi. In ya yi zafi, sai ya wahala ya ƙara shan wuta. Garin neman gira kin kusa rasa mana ido. Me ya hana ki tambaye ni?"

Ya kwashe sauran ledojin, ya mayar da murfin.

"To, ke kika ɓata, ke za ki gyara. Je ki gaya wa Madam Pan da bakinki."

Yarinya ta shiga shagon Tseng. Ta gaishe su, ta ce, "Gwaggo, ba laifin katinmu ba ne. Ni na cika cikin kwamfutar da gugguru."

Malam Tseng ya yi dariya har da riƙe ciki. "Liao ya koma sayar da kayan ciye-ciye ke nan?"

Madam Pan ba ta yi dariya ba. Ta dubi yarinyar, sannan ta ce, "Mu je in gani."

Aka sake kunna wasa. Hoto ya gudu sumul, fanka ta yi shiru, mita ta kwanta. Madam Pan ta ɗora hannu a kan kwamfutar, wannan karon ba ta janye ba.

"Irin wannan nake so," ta ce. "Ka kawo mini na duka injuna."

Da yamma yarinya ta raba wa yaran kasuwa guggurunta. Leda ɗaya ta bari, ta ɗaga ta nuna wa baba.

"A ina zan ajiye ta?"

Ya yi murmushi ya nuna mata gefen kwamfutar da ba ramin iska.

Daga ranar ta gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa. Kafin ka taɓa abin da ba ka sani ba, ka tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.