Haƙoran da Ba Su San Juna Ba

Kwana huɗu da canza giyar baya, a-kori-kurar Mai Ƙanƙara ta fara kuka kamar karen da aka ɗaure. Da aka buɗe ta a gareji, sai ga babban faifan haƙoran jabu ne, alhali na kamfani ya zaɓa saboda lodi da hawan tudu. Nan take ya ce Bakanike ya ci amanarsa, kuma sai ya tona shi a gaban direbobin layin kaf. Shekara talatin Bakanike yana cin abinci da sunan da ya yi na riƙon amana.

Tsohon mai gyaran agogo da ke jikin garejin, wanda duk wani abu mai haƙora ke ɗauke masa hankali, ya roƙi a ba shi zuwa yamma.

Ya wanke ƙarafan biyu, babban faifan da ƙaramin da ke juya shi, da fetur, ya kafa musu gilashinsa. Ƙaramin na kamfani ne, ga lamba a gindinsa. Babban ko ɗigo babu.

Mai shagon kayan mota ya rantse a rufe ya miƙa kwalin giyar ga ƙanin matar Mai Ƙanƙara, wanda aka aika ya karɓo. Ya ce babba da ƙarami tare ake wasa su a kamfani, lambarsu ɗaya, wanda ya raba su ya kashe duka biyun. Bakanike kuwa sai kame-kame yake. Da aka matsa masa, ya sunkuyar da kai ya ce tun bara idonsa ya daina ganin ƙananan lambobi, ya ɓoye wa kowa.

Ƙanin matar ya ce shi daga shago gareji ya nufo.

"Wanne ya fi daraja a cikinsu?" Mai Agogo ya tambaye shi.

"Babban mana, Baba. Ai ko a nauyi."

Mai Agogo ya dubi Mai Ƙanƙara. Ya ce da mai shago ko Bakanike ne, duka biyun za su ɗauke su sa jabu biyu, motar ta shekara ba ta yi tari ba. Wanda ke auna ƙarfe da nauyi kaɗai zai saci guda.

Ƙanin matar ya zauna kan tsohuwar taya. Ya ce faifan kamfanin na ƙarƙashin gadonsa, shago biyar ya kai shi don ya sayar, ko'ina dariya aka yi masa.

Mai Ƙanƙara ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya matsa kusa da Bakanike, ya rage murya.

"Maigida, sake ɗaura min. Ni zan karanta maka lambar."