Kantar Yatsun Auta

A ƙungiyar kiɗa ta makarantarsu, Auta ce ta fi kowa ƙanƙanta. Amma ita ce ta zaɓi babbar jita, wadda ake kira bes. Wayoyinta huɗu ne, masu kauri kamar igiyar shanya. In aka kaɗa su, sai ka ji muryar har cikin ƙirjinka.

Ranar da ta fara rataya ta, Dogo mai buga ganga ya yi ta dariya.

"Ke ce kika riƙe jitar, ko ita ce ta riƙe ki?" in ji shi.

Auta ta harare shi. "Ka ji da gangarka."

Da farko yatsunta sun sha wuya. Sun yi ja, sun yi zogi, ko fensir da ƙyar take riƙewa. A hankali fatar bakin yatsun ta yi tauri, kanta ta fito. Zafi ya tafi.

Wata rana malamin kiɗa ya kama hannunta ya duba.

"Madalla," ya ce. "Wannan kanta ita ce takalmin yatsunki, sai ki kula da ita. Kada ki yi kiɗa hannunki na jiƙe, don ruwa na sa ta laushi. In gefenta ya tashi, ki goge da abin goge farce, kada ki sa haƙori. In kuma kika ji raɗaɗi, ki ajiye jitar."

"Ni ba na jin raɗaɗi, Malam."

"Ke ba kya ji, amma yatsun suna ji."

Auta ta turo baki. A ganinta, hutu na ragwaye ne.

Ana nan sai ranar taron iyaye ta matso. Malam ya ba ta wani wuri a cikin waƙa inda kowa zai yi shiru, bes kaɗai za a ji.

"Nan za ki yi tuntuɓe," in ji Dogo.

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta roƙi Malam ya ara mata jitar ta je da ita gida.

Ranar Asabar da safe ta wanke kayan makaranta, ta yi wanke-wanke. Yatsunta suka yi fari, suka yamutse. Ko goge hannu ba ta yi da kyau ba, ta ɗauko jitar.

"Auta, bari hannun ya bushe mana," in ji Umma daga ƙofar kicin.

"Ba ni da lokaci, Umma."

"Ki ci abinci tukuna."

"Sai na iya wurin nan."

Ta yi ta kiɗa har rana ta take. Gefen kantar manuniyarta ya tashi, yana maƙalewa a waya. Ta tuna maganar Malam, amma ta yi kunnen ƙashi. Ta sa haƙori ta fizge.

Fatar ta taho duka, har da sabuwar da ke ƙasa. Jini ya fito.

Auta ta naɗa filasta, ta cije leɓe, ta koma kiɗa da yatsan tsakiya. Kafin yamma shi ma ya yi bororo, bororon kuma ya fashe.

Ranar Litinin ta shiga ɗakin kiɗa hannu a aljihu. Da aka fara gwaji, ta kasa danne waya. Jitar sai zuuu take yi kamar ƙudan zuma a kwalba.

Malam ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya.

"Nuna min hannunki."

"Lafiyarsa lau, Malam."

"To, nuna min lafiyar."

Ta miƙa. Malam ya kalli yatsun ya girgiza kai.

"Ba za ki yi kiɗa a taron nan ba."

"Zan iya. Ko da jini zan kaɗa."

"Na san za ki iya daurewa. Amma in ciwon nan ya ruru, ba taro ɗaya za ki rasa ba. Ajiye jitar."

Ta ajiye, idonta ya cika da ƙwalla, amma ta hana su zuba a gaban Dogo.

Ranar taro Auta ta zauna cikin 'yan kallo, kusa da Umma. An cire wurin nata daga waƙar. Kiɗan ya fito salam, kamar miya ba gishiri. Dogo ma ya yi ta gudu da ganga, masu waƙa suna binsa a baya. Iyaye suka tafa, amma tafin ladabi ne kawai.

Da suka koma gida, Umma ta wanke mata yatsun ta shafa magani.

"Na bar kiɗan," in ji Auta.

"To," in ji Umma. "Da wa kike fushi? Da Dogo, ko da yatsanki?"

Auta ta kalli yatsunta. Can ta ce, "Ni na jawo. Malam ya faɗa, ke ma kin faɗa." Ta ja hanci. "Kuma ba zan bari ba. Na fasa."

Umma ta yi dariya. "Ai na sani. Taurin kan nan naki ba laifi ba ne, in kin san inda za ki kai shi. Ki yi wa masu cewa ba ki iya ba, kada ki yi wa masu son ki iya."

Washegari Dogo ya tare ta a baranda, yana sosa ƙeya.

"Ashe muryar jitarki nake bi," ya ce. "Da babu ke, ɓata na yi ta yi. Yaushe hannun zai warke?"

"In ya ga dama," in ji Auta. "Ba zan matsa masa ba."

Sai da ciwon ya rufe sarai ta sake taɓa waya. Kullum ta yi kaɗan ta ajiye. In ta yi wanki, sai ta jira hannun ya bushe ƙarau. Umma ta saya mata abin goge farce, ta sa shi a jakar jitar. Sabuwar kanta ta fito, sumul da ƙarfi.

A bikin ƙarshen zango aka maimaita waƙar. Da aka zo wurin nata, kowa ya yi tsit. Auta ta danne waya, muryar bes ta cika zauren har tagogi na rawa. Umma ce ta fara miƙewa tana tafi.

Bayan an tashi, Dogo ya nuna mata tafin hannunsa. Sandar ganga ta yi masa bororo.

"In fasa shi?" ya tambaya.

"Kada ka taɓa," in ji Auta. "Ka huta har ya lafa. Ni na koyi darasina: mai son ya daɗe yana aiki, sai ya kula da jikinsa, ya kuma ji maganar manya."