Injin da Aka Tsamo daga Ƙasan Ruwa

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, matar gidan tana kwashe shanya, 'yarsu Auta tana wanke kwanuka a bakin rariya. Maigidan, wanda kowa ke kira Mai Inji, yana tsugune a rumfarsa da ke tsakar gida, hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Babu wanda ya ga alamar komai.

Sana'arsa gyaran injin kwalekwale, irin wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi. Sababbi ba sa burge shi. Tsofaffi yake so, masu nauyin tsiya, waɗanda aka daina ƙerawa tun da daɗewa. Shekara talatin yana neman wani iri guda, mai koren murfi da farfelar tagulla, irin wanda ya koyi aiki a kansa. Kwana uku kafin wannan maraice masunta suka jawo shi a raga, daga wani wuri mai zurfi inda ya yi shekaru a nutse.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida. Injin da ya daɗe a ƙasan ruwa ba a barinsa ya sha iska, don da ya bushe tsatsa za ta kama cikinsa kafin a kwance noti ɗaya. Saboda haka Mai Inji ya je bakin ruwa da duro, ya sa aka dulmiya injin a ciki, aka cika da ruwan wurin, da lakarsa da gansakukarsa da duk abin da ke maƙale. Haka aka turo shi a amalanke har gida. Ga ƙarfe aikin daidai ne. Bai tsaya ya tambayi kansa ko akwai mai zama a ciki ba.

Da ya ɗaga murfin, ɗoyi ya cika gidan. Baƙar laka ce danƙare, da matsattsaku, da wani farin abu mai yauƙi kamar majina. Matarsa ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Maigida, a nan fa muke cin abinci."

"Hancinki ne ya cika tsirfa," ya ce.

Da hannu ya yashe lakar ya watsar. Ya ɗura kananzir a cikin injin, ya zuƙi tiyon mai da baki, ya yi kaki ya tofa a cikin duron. Kwana uku yana haka. A maraicen na ukun ya naɗa igiya ya fizga, injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu.

Sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro ƙasa. Noti ne. Wani ya biyo baya, sannan katantanwa, sannan curin laka mai wari ya fashe a ƙofar ɗaki. Sama wasai, babu kowa a kan katanga. Kaji suka yi tsit.

Auta ta miƙe daga bakin rariya, kumfar sabulu tana ɗiga daga hannunta. Ta taka a hankali har gaban duron, ta dafa bakinsa, ta tsoma fuskarta cikin ruwan nan mai mai da kakin ubanta, ta fara sha kamar saniya. Uwar ta ƙwalla ƙara. Su biyu suka taru kafin suka ɓamɓare ta.

Daga ranar ba ta sake cin komai ba. Jikinta kullum a jiƙe, sanyi ƙalau, katifarta sharkaf kamar an tsamo ta daga kogi. Ƙarni ke tashi daga gashinta. In ta yi amai, baƙin ruwa ne da ƙananan tsutsotsi suna motsi. An kai ta asibiti, an duba, an ce ba a ga komai ba. Kowace magariba jifa ke sauka a rufi, kuma ana jin wani abu yana kurkure baki a cikin duron. Maƙwabta suka daina leƙowa. Mai Inji kuwa bai ajiye sifana ba. Ya warware injin ɗaya bayan ɗaya, ya jera kayan a kan buhu, yana goge farfelar har tana ƙyalli.

A rana ta bakwai uwar ta yafa mayafi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta je ta ɗauko wani tsohon malami da ya san irin wannan aiki. Ya iso bayan azahar. A ƙofar ɗakin ya tsaya ya yamutsa fuska, sannan ya shiga ya zauna kusa da kan yarinyar. Ya sa uwar ta riƙe ƙafafunta, uban ya tsaya a bakin ƙofa. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa.

An daɗe. Haske ya fara ja da baya daga taga. Can cikin Auta ya kumbura, wuyanta ya sanƙare, bakinta ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kauri, kamar ana magana daga cikin tulu.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai gidan da aka sato."

"Me kike nema a jikin yarinya?"

"Nema? Kana tsammani daɗi nake ji? Jikin mutum zafi, ga gumi, ga hanji cike da ƙazanta. Kwana bakwai ina jin amai. Shekara ashirin ina zaune a cikin koren murfin nan, ban taɓa kowa ba. Wancan mai warin man ya kwaso ni da ruwana. Ya yashe shimfiɗata da hannunsa. Ya zuba mini kananzir a ka. Ya tofa kakinsa a ruwan da nake sha. Da ya tayar da ƙarfen na fito a guje, ita kaɗai na samu da jiƙaƙƙen hannu."

"An yi miki ba daidai ba. Amma yarinya ba ta yi miki komai ba. Me zai fitar da ke?"

"Hannun da ya yashe ni. Ya shanye har kafaɗa."

"Ba za ki samu ba. Ko ki faɗi abin da zai yiwu, ko in ci gaba daga inda na tsaya."

Ta yi gurnani. Baƙin ruwa ya gangaro ta gefen bakin Auta.

"To a mayar mini da gidana. A haɗa shi yadda aka same shi, kada noti ɗaya ya yi saura, a sake shi a inda aka ɗauko, kafin rana ta gama faɗuwa. Yana taɓa ƙasa zan fita."

"An yarda," in ji Malam.

Uwar ta sauke ajiyar zuciya. Sai aka ji gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam," in ji Mai Inji. "A tambaye ta mana, ko za ta bar mini farfelar."

Malam bai ko juyo ba.

"Ai ba a farfela take kwana ba," ya ci gaba, yana murza hannu. "Ko in ba ta wani injin gaba ɗaya. Ina da wanda ya fi wannan faɗin murfi, ba tsatsa."

Tsohuwar ta yi dariya da bakin 'yarsa, ta tofar da yawu a ƙasa. Nan take ƙirjin Auta ya fara kukan ruwa, idanunta suka juye, leɓenta ya yi baƙi. Numfashi take nema kamar mai nutsewa, a kan busasshiyar tabarma.

"Maigida!" in ji uwar.

"To kafiretar kaɗai. Ba a samun irinta yanzu, wallahi ko an..."

"Je ka haɗa," Malam ya katse shi. Sai a lokacin ya dube shi. "Shekara arba'in ina magana da su. Ban taɓa jin kunya a gabansu ba sai yau."

Mai Inji ya fita. Uwar ta bi shi, ta tsaya a kansa tana ƙirga notuna da ido, tana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ta laluba aljihunsa da kanta. Aka ɗora injin a amalanke, masuntan da suka tsamo shi suka kai shi tsakiyar ruwa, suka nuna wurin. Sauran rana kaɗan a bakin sama Mai Inji ya sake shi. Ya daɗe yana kallon kumfar da ke tasowa.

A gida Auta ta yi atishawa sau uku, ta amayar da ruwa fari tas. Ƙarnin ya ɗauke daga ɗakin kamar an buɗe ƙofa. Malam ya shafa addu'a, ya sa takalminsa ya tafi, bai jira maigida ba.

Da Mai Inji ya dawo, ya tarar da ita zaune jingine da bango, uwar tana ba ta ruwan ɗumi a cokali. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma nata ne. Ya tsuguna a gabanta.

"Sannu, Autata. Kin gan ki? An gama."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Ina ciki, Baba," ta ce. Muryarta ta dishe. "Ba na iya motsi, amma ina jin komai."

"Ai mafarki ne irin na masu ciwo."

"Farfela ka fara tambaya. Sannan kafireta."

Ya miƙa hannu zai shafa kanta. Ta kawar da kai, ta matsa jikin uwarta, ta buɗe baki aka ci gaba da ba ta ruwan.