Tafarnuwa a Cikin Kunne

Da sunan Allah Mai rahama muke farawa.

A shekarun da arzikin man fetur ya bunƙasa a Najeriya, gwamnati ta tura wani malami daga Zariya ƙarin karatu a London. Ya sauka a unguwar Woolwich tare da matarsa da 'yarsu mai shekara tara.

Wata ranar Laraba yarinyar ta dawo daga makaranta kunnenta na hagu yana yi mata zogi. Ba ta gaya wa kowa ba, domin tana matuƙar tsoron allura.

A gidan da ke kusa da nasu akwai wata nas 'yar Jos, ana ce mata Anti Chundung. Ta koyi wani salon girki a wurin wasu Turawa, wanda suka ce asalinsa daga Japan ne. A ranar ta shigo da kayanta don ta nuna wa Mama, uwar yarinyar.

Taliya ce mai duhu, ta garin hatsi da ba a cire masa dusa ba. Ta dafa ta, ta tsame, ta ɗauraye da ruwan sanyi. Sannan ta yi romo da karas da albasa da citta da busasshen ganyen teku. Ta ce masu wannan girki ba sa son nama da sukari, kuma kowace loma sai an tauna ta sau hamsin.

Mama ta yi dariya ta ce, "Sista, taliya ba mai ba yaji? Ai wannan horo ne."

"Maman yarinya, ki ci tukuna. Cikinki zai gode miki."

Mama ta ce ita dai sai an sa tafarnuwa. Tana ɓarewa tana ba da labarin mahaifiyarta, wadda takan yi wa yara maganin ciwon kunne da tafarnuwa. Ba ta faɗi yadda ake yi ba, hira ta wuce zuwa wani abu.

Yarinyar tana gefe tana sauraro. Da suka juya baya sai ta ɗauki ƙaramar ƙwayar tafarnuwa, ta shiga ɗaki, ta cusa a kunne. Nan take ta ji zafi. Ta sa yatsa za ta ciro, sai tafarnuwar ta ƙara shigewa. Daga nan kunnen ya toshe, ta daina ji da shi.

Tsoro ya kama ta. Ta ɗaura ɗankwali ta rufe kunnen. Kwana biyu tana fama ita kaɗai, tana tunanin ko ta kurmance ke nan har abada.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baba ya zaunar da ita karatun Alƙur'ani kamar yadda suka saba. Yana zaune ta hagunta. Ta yi kuskure a wata aya, ya gyara mata a hankali, ta wuce. Ya sake gyarawa, ta sake wucewa. Sai ya rufe littafin, ya dawo ta damanta.

"'Yata, ba ki taɓa ƙin karɓar gyara ba. Me ya sami kunnenki?"

Ta fashe da kuka, ta faɗi duk abin da ta yi.

Mama ta ruɗe, ta zaro tsinken kitso za ta ciro tafarnuwar. Baba ya riƙe hannunta, ya ce a kira maƙwabciya tukuna. Anti Chundung ta leƙa kunnen da tocila, ta ce kada wanda ya taɓa, domin tsinke yana iya huda dodon kunne. Suka hau bas su huɗu zuwa asibiti.

Likita ya haska kunnen, ya sa wani siririn ƙarfe, ya jawo tafarnuwar a hankali. Sai yarinyar ta ji ƙarar takalman mutane a waje ta shigo mata tar. Likita ya sake dubawa ya daɗe. Daga ƙarshe ya ce fatar ciki ta ɗan ƙone, amma dodon kunnen lafiya lau yake. Ya ba da maganin sha na mako guda.

Mama ta zauna a kujera tana ta hamdala. Ta ce laifinta ne da ta yi zancen magani a gaban yarinya ba ta ƙarasa ba.

Da suka fito Baba ya tsaya ta hagun 'yarsa, ya sassauta murya ƙwarai.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ji ni'ima ce, kuma amana ce da Allah ya ba ki. Abinci mai kyau yana taimakon jiki, amma baki aka yi wa shi. Idan ciwo ya zo, wa za ki fara gaya wa?"

"Kai da Mama."

Yara, kada ku ɓoye wa iyayenku ciwo, kada ku cusa komai a kunne, kuma kada ku yi aiki da rabin sani. Ku tambayi wanda ya sani. Allah ya kiyaye mana jinmu da ganinmu, amin.